Addu'a da Jinya: Daga Gwaram zuwa Gidan Sistoci a Kano

Wanda ya saba da arewacin Jigawa, wajen Gumel da Maigatari inda ƙasa take shimfiɗe, rairayi iya ganin ido, in ya gangaro kudu sai ya ɗauka ya bar jihar. Kafin a shiga Birnin Kudu duwatsu sun tsaya dama da hagu, wasu a ɗore kan wasu. Ƙasar ta fi ƙarfi, itatuwa sun fi yawa: ɗorawa, tsamiya, kuka, mangwaro. Da kaka za ka tarar dawa ta sunkuyar da kai, an tsayar da riɗi a gonaki yana shan rana, mata da yara suna roron gyaɗa.

Birnin Kudu tsohon gari ne. A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen dauri suka bari, kuma a 1955 Bernard Fagg, Baturen da ke bin diddigin kayan tarihi, ya ga duwatsun nan masu amo waɗanda in an buga suke ƙara. A nan Kwalejin Gwamnati take, inda Aliko Dangote ya gama sakandare a 1978. In ka yi gaba ka karkata kudu maso gabas sai Gwaram, tsohuwa da sabuwa, da garuruwanta irin su Sara mai babbar kasuwa, da Basirka, da Fagam, da Farin Dutse, har ka dangana da iyakar Bauchi. Da can duka biyun gundumomin Kano ne. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991 suka koma ɓangaren Dutse. Ruwa albarka ne a wannan yanki, amma da damina yakan raba ƙauye da gari. Mutanen Gwaram ba su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da gada ta karye a hanyar Basirka, mota ta afka, mutum 21 suka rasu.

Abin da ya fi zama mini a rai a Birnin Kudu a harabar asibiti na gan shi. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin ita ce madogarar jama'a daga Gwaram da Buji, har da maƙwabta daga ɓangaren Bauchi. A gindin darbejiya masu jinya sun shimfiɗa tabarmi, kowa da buta da kular abinci da ƙullin kaya. Wata dattijuwa tana zaune ta miƙe ƙafa, tana ɗaga kunu da ludayi tana zubawa don ya huce. Zanin da ta wanke yana shanye a kan igiya bayanta. Na durƙusa na ce, "Inna, ya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗan nan, mun gode Allah." Surukarta ce ta haihu da wahala, ita ta baro ƙauye ta biyo ta, ta bar kaji da awaki a hannun maƙwabta.

Duk wanda ya taɓa kwana a asibitinmu ya san rabin aikin warkewa yana hannun irin wannan dattijuwa. Likita ya duba ya rubuta, nas ta yi allura, amma mai jinya ce ke wanki, ita ke dafa abinci, ita ke juya mara lafiya in gefe guda ya gaji, ita ke tashi cikin dare ta kira a zo a duba. Al'ada ce mai kyau, zumunci ne ya gina ta. Sai dai tana da gurbi. Akwai almajirin da iyayensa ke nesa, akwai mai taɓin hankalin da aka tsinto a tasha, akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani. Akwai kuma matar da doguwar naƙuda ta bar wa yoyon fitsari har mutane suka fara gudunta, irin waɗanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke yi wa aiki a Jahun tun 2008. Waɗannan su wa ke ɗaga musu kunu ya huce?

A ɗarikar Katolika akwai matan da suka ɗauki wannan gurbi ya zama aikin rayuwarsu gaba ɗaya, su ne ake kira sistoci. Kiristoci a kudancin Jigawa tsiraru ne: ma'aikata da 'yan kasuwa daga wasu jihohi, da kuma 'yan ƙasa daga cikin Warjawa da Maguzawa, da yawansu mabiya cocin ECWA. 'Yan Katolikan da ke cikinsu suna ƙarƙashin dayosis ɗin Kano, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa duka. A 1999 ya zama cikakken dayosis a hannun Bishop Patrick Sheehan, mutumin ƙasar Ailan, daga 2008 kuma Bishop John Namaza Niyiring ke riƙe da shi. Saboda haka mai son ganin rayuwar sistoci a inda ta yi saiwa, Kano zai nufa: ya bi ta Kwanar Huguma, ya haye gadar Wudil, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai.

A Kano sunan da aka fi sani shi ne St. Louis. Ƙungiyar ta samo asali a Juilly, kusa da birnin Paris, inda wani malamin coci mai suna Louis Bautain ya kafa ta a 1842. A 1859 ta ƙetara zuwa Monaghan a Ailan, daga can ne sistocin farko suka iso Kano a 1948. Zamani ne da Turawan mulki ba su bar 'yan mishan su sake a cikin masarautu ba, sai dai a Sabon Gari da unguwannin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo tun 1911, ko kuma a aikin kutare, kamar yadda mishan ɗin SIM ta yi a Yadakunya. Da makaranta sistocin suka fara. Makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai ta yaye Kiristoci da Musulmi masu yawa, kuma a gidajen Kano da dama za ka sami hajiyar da ta yi ritaya daga koyarwa ko aikin asibiti, wadda in hira ta yi hira za ta ba ka labarin sistar da ta koya mata lissafi da ɗinki da gyaran gado.

Gidan sistocin da na ziyarta a cikin Kano ba shi da wani ƙawa. Katanga, ƙofar ƙarfe, tsakar gida a share tas, 'yan shuke-shuken zogale da gwanda a bayan madafa. Kowace tana da ɗaki guda: gado, tebur, kujera, gicciye a bango. Ɗakin da ya fi kowane samun kulawa shi ne na addu'a. Ƙarami ne, da 'yan bencina, da bagade lulluɓe da farin ƙyalle, da wata 'yar fitila ja da ba a kashewa dare da rana, alamar cewa akwai tsattsarkar gurasa a ajiye.

Yininsu yana farawa kusan lokaci guda da namu. Ladanan unguwa suna cikin kiran assalatu aka kaɗa 'yar ƙararrawa a baranda, ƙofofi suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, babu mai cewa uffan. Ba a gaisawa sai bayan addu'a. Suka shiga suka zauna shiru na wajen rabin awa, kowace da Littafi Mai Tsarki a cinya, tana tunani a kan karatun ranar. Ga baƙo wannan shirun ya fi komai nauyi. Kana jin zakara, kana jin mai shayi yana jan benci a bakin titi, kana jin liman ya tayar da salla a masallacin da ke bayan katanga, su kuwa ko motsi babu. Sannan suka miƙe, suka rabu gida biyu, ɓangare ya karanta aya ɗaya ta Zabura, ɗaya ɓangaren ya amsa da ta gaba, a hankali, ba gaggawa. Wata tsohuwa a cikinsu ba ta ko duban littafin. Shekaru sun sa ta haddace.

Wannan karatu ba na gidan kaɗai ba ne. Tsari ne da cocin Katolika ke bi a duniya duka, inda aka rarraba kusan dukan Zabura 150 a kan makonni huɗu, in an kai ƙarshe a sake farawa. An sabunta shi bayan babban taron Vatican na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a maimakon Latin kaɗai. Kowace safiya ana rufewa da waƙar Zakariya, kowace yamma da waƙar Maryamu, da dare kuma da ta wani dattijo Saminu, dukansu daga Linjilar Luka. Musulmin da ya karanta Suratu Maryam ba zai ji sunaye biyun farko baƙi a kunnensa ba, ko da yake abin da kowane ɓangare ya yi imani da shi game da Annabi Isa ya sha bamban, kuma su ma ba su ɓoye hakan. Bayan Zabura sai babbar sujadar da suke kira Mas. Sista ba ta jan wannan. Aikin Fada ne, wato limamin coci. In ya samu zuwa gidan a yi a nan, in bai samu ba su taka zuwa coci. Suna yin roƙo da suna: wance da ke kwance, wane da ya rasa aiki, ɗaliban da za su zauna jarrabawa, zaman lafiyar gari, shugabanni. A cikin sunayen da na ji an ambata akwai na Musulmi.

Sai karin kumallo, shayi da burodi ko kunu da ƙosai, daga nan kowace ta kama gabanta. Ɗaya aji, ɗaya ofis, ɗaya kasuwa, biyu ɗakin shan magani.

A ɗakin shan maganin na fi daɗewa. Mata sun cika benci, mafi yawansu da hijabi, kowace da goyo. Sistar da ke duba yara ba Bahaushiya ba ce, Hausarta tana da ɗan gargada, amma ta iya gaisuwa yadda ya kamata, ba ta taɓa yaro sai ta tambayi gida da maigida da kwanan yara. Aka miƙo mata wani yaro da bai fi shekara ɗaya da rabi ba, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, idanu sun faɗa. Ta ɗauko ɗan madaurin nan mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta zagaya shi a dantsensa na hagu, ta ja a hankali. Ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa mai tsanani. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa ta ɗaga, ta duba ko wurin zai lotsa. Uwar ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta, don a wurinmu ramar yaro abin gori ne ga uwa. Sistar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Maman yaro, ɗago ki dube ni. Me yake ci da safe?" Daga amsar aka gane an yaye shi da wuri saboda sabon ciki, koko zalla yake sha. Ta rubuta takardar tura shi inda ake ba da abincin nan na leda da ake yi da gyaɗa, sannan ta zauna ta bi da uwar yadda za ta soya gero da waken suya da gyaɗa, ta niƙa, ta riƙa dama masa, da yadda za ta zuba garin zogale a miya. Ta sa ta maimaita. Ta rubuta sunan unguwa da kwatancen gida a wani babban littafi, don in ba a ga uwar ba ranar da aka sa mata, a bi sawu.

Bin sawun nan ne ya fi burge ni. Ba da magani kowa na iya yi. Amma a ce ranar Laraba da la'asar, bayan an tashi aiki, mace ta ɗauki lema ta shiga lungu tana tambayar gidan wance don yaron bai dawo awo ba, wannan sai wanda ba shi da wani abin da ke jiransa a gida in ba wannan ba.

Tsakar rana ƙararrawa ta sake kaɗawa. Akwai gajeriyar addu'ar tunawa da saƙon da mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu, ana yin ta ƙarfe shida na safe, sha biyu na rana, da shida na yamma. Wadda ke kusa ta shiga ɗakin addu'a, wadda ke da mara lafiya a hannu ta gama da shi tukuna. Da yamma sai Zaburar maraice, sai jan carbinsu da suke kira rosari, mai ƙwaya 59, gida biyar na goma-goma da 'yan ƙari, suna tafe a tsakar gida suna ja. Bayan abincin dare akwai ɗan lokacin hira, da dariya da labarin yini da kallon labarai, wata na gyaran wake, wata na duba littattafan ɗalibai. Ƙarshe addu'ar dare, wadda ake farawa da kowace ta binciki kanta a zuci: wa na ɓata wa yau, ina na gaza. Daga nan shiru har asuba.

Da na haɗa lissafi, abin da suke ba addu'a a yini ya kai awa biyu zuwa uku. Mai gaggawa zai ce da an zuba waɗannan awoyi a ɗakin magani da an duba ƙarin yara. Ni ban ga haka ba. Lokutan addu'ar kamar turaku ne da aka kafa a cikin yini, aikin yana ɗaure a jikinsu, shi ya sa ba ya ɓacewa. Mun sha ganin taimakon da ke zuwa da zafinsa: a raba buhunan shinkafa, a ɗauki hoto, a watse, baɗi ba a ji ɗuriyar kowa ba. Tausayi yana tashi yana kwantawa, yau kana da shi gobe gajiya ta cinye shi. Macen da za ta shekara 30 tana wanke gyambon mutanen da ba danginta ba, waɗanda wasu ko godiya ba za su yi ba, tana bukatar abin da ya fi tausayi ƙarfi. Su a wurinsu abin nan shi ne komawa gaban Allah a ƙayyadadden lokaci, ko ana so ko ba a so, ko jiki na daɗi ko ba ya yi. Musulmin da ke barin shago a buɗe ya tafi sahu sau biyar a yini ya fi kowa sanin abin da ƙa'idar lokaci ke yi wa zuciya.

Zama sista ba abin dare ɗaya ba ne. Yarinya takan fara da zuwa ta zauna da su ta ga yadda abin yake. In ta dage sai ta shiga horo na musamman, wanda dokar coci ta ce kada ya gaza wata 12, ƙungiyoyi da yawa kuma shekara biyu suke yi. Sannan ta ɗauki alkawari na wucin gadi, tana sabuntawa tsawon shekara uku zuwa shida, kafin na har abada. A duk tsawon wannan lokaci ƙofa a buɗe take, mai son komawa gida ta koma, wasu kuwa suna komawa. Alkawuran uku ne. Na talauci: ba ta mallakar komai, in tana aikin albashi kuɗin asusun gida yake shiga, a ba ta na sabulu da na mota. Na biyayya: inda shugaba ta tura ta nan za ta. Na uku shi ne rashin aure, kuma shi ne ya fi yi wa Bahaushe nauyi a kunne, har da Bahaushe Kirista. Uwar da ta haifi 'ya ta raine ta tana jiran ranar kai ta ɗaki da ranar goya jika. Ba ƙaramin abu ba ne a ce mata wannan rana ba za ta zo ba. A Musulunci aure sunna ne, babu ruhubananci, kuma ni a kan haka nake. Amma Alƙur'anin da ya nuna a Suratul Hadid cewa mabiya Annabi Isa su suka ɗora wa kansu wannan hanya, shi ne kuma a Suratul Ma'ida ya ambaci malamansu da ruhubanawansu da rashin girman kai. Ana iya saɓa wa mutum a aƙida a kuma faɗi gaskiyar abin da aka ga hannunsa yana yi.

Ko a Turai, fitowar irin waɗannan mata cikin jama'a ba da sauƙi ta samu ba. Ɗaruruwan shekaru macen da ta ba da kanta ga ibada a bayan katanga take ƙare rayuwarta. A 1633 ne Vincent de Paul da Louise de Marillac suka tara 'yan matan ƙauye a Paris suka tura su gidajen matalauta da asibitoci, daga nan hanya ta buɗe. Mama Teresa, wadda ta kafa tata ƙungiyar a Kalkata ta Indiya a 1950 ta kuma karɓi kyautar Nobel a 1979, wannan hanyar ta bi, kuma an san ta da tsananta wa mabiyanta a kan lokacin addu'a duk yawan masu jiran taimako a ƙofa. Mu ma a nan ba baƙi ba ne ga mata masu tsari. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji ta ba ta malfa, ta tura ta ƙauyuka koyar da mata. Bambancin shi ne su jaji matan aure ne ko dattijai a cikin danginsu, ba su bar gida ba.

In ka ɗaga kai daga Kano za ka ga sawun sistoci a wurare da dama na ƙasar Hausa. A Kaduna ƙungiyar sistocin OLA ce ta kafa makarantar Queen of Apostles a Kakuri, wadda bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan a shekarun 1970 ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Wata 'yar wannan ƙungiya, Sista Kathleen McGarvey, ita ta jagoranci kafa majalisar mata Musulmi da Kirista a Kaduna a 2010, bayan garin ya sha zubar da jini. A Gusau sistocin Dominika daga jihar Kansas ta Amurka sun sauka a 1956, suka yi aikin haihuwa da magani, daga baya suka reni ƙungiyar 'yan ƙasa da ke da cibiya a garin har yau.

Wanda ya fi kama da yanayin ƙauyukan Gwaram shi ne na Maraɗi. A 2006 wata sista da ta taso a Senegal, Marie-Catherine Kingbo, ta bar ƙasarta ta zo ta kafa sabuwar ƙungiya a ƙarƙashin Bishop Ambroise Ouédraogo, a yankin da kusan kowa Musulmi ne. Shekara guda ke nan bayan yunwar 2005 da ta addabi Nijar, Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni. Suka buɗe wurin kula da yara masu tamowa a ƙauyen Dan Bako, da makaranta a Tibiri. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta tsallake masu gari ba. Takan tara hakimai da dagatai da limamai a zauna a tattauna auren wuri da karatun 'ya mace da lafiyar masu ciki, kowa ya faɗi nasa. Ta rasu a 2021, ƙungiyar kuma ta ci gaba.

Akwai tambayar da ke zuciyar mai karatu, gara a fito da ita fili: ba dabarar jan mutane zuwa Kiristanci ba ce? Tsoron yana da tushe, don a tarihin mishan makaranta da asibiti sun tafi tare da wa'azi, kuma dalilin da ya sa iyayenmu da yawa suka ƙi boko ke nan. Sistocin ba sa musun cewa imaninsu ne ya fito da su, gicciye yana rataye a wuyansu kowa na gani. Abin da zan iya shaida shi ne abin da idona ya gani a kan bencin nan: ba a tambayi kowa addininsa kafin a duba shi ba, ba a ce wa kowa ya zo coci ba, da azahar ta yi wata mata ta nemi ruwa aka miƙo mata buta aka nuna mata inuwa. Hajiyoyin da suka fito daga Bompai shekaru da dama da suka wuce suna nan da sallarsu da azuminsu. Hakkin iyaye ne su sa ido a kan tarbiyyar 'ya'yansu a kowace makaranta, ta mishan ko wata. Zargin da ba a bincika ba kuwa ya sha jawo mana asara. A Janairun 2015 an ƙona coci-coci da gine-ginen mishan a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Faransa, abin da matan da ke koyar da yara a can ba su da hannu a ciki. A Mali an sace Sista Gloria Narváez 'yar Kolombiya a 2017, ba a sake ta ba sai 2021. Duk lokacin da irin wannan ta faru, ƙofar da ake rufewa ta ɗakin magani ce da ta aji, masu asara kuma matan da ke kan benci ne.

Turawan da suka fara wannan aiki sun tsufa, wasu sun koma gida, da yawa sun rasu. Yau 'yan Najeriya ne ke riƙe da gidajen, daga kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da kudancin ƙasar, har ana tura wasunsu aiki ƙasashen waje, ciki har da Ailan ɗin da ta aiko na farko. Kuɗin da ke zuwa daga Turai ya ragu, saboda haka gidan da na gani yana kiwon kaji, yana ɗan noma, yana dogara da albashin masu koyarwa da abin da zumuntar mata ta coci ke tarawa. Sistar da na gani tana auna dantsen yara ba ta da tabbacin a Kano za ta yi baɗi. Takardar canjin wuri kan zo daga shugabarsu, ta haɗa akwati guda ta tafi, wata ta zo ta karɓi babban littafin nan mai sunayen unguwanni da kwatancen gidaje, ta ci gaba da bin waɗanda ba su dawo awo ba.